Afghanistan: Tarihin farfaɗo da asibitoci da kuɗin agaji

Afghanistan na daga cikin ƙasashen da aka fi zuba kuɗin agaji domin farfaɗo da harkar kiwon lafiyarsu bayan yaƙi. Cikin shekaru 20, daga 2001 zuwa 2021, an buɗe ko an gyara asibitoci da ƙananan cibiyoyin lafiya sama da dubu, an horar da dubban ungozomomi, kuma mace-macen mata da ƙananan yara ya ragu ƙwarai.

Sai dai kuma kusan dukkan wannan aiki ya dogara ne a kan kuɗin ƙasashen waje, tun daga albashin likita har zuwa man janareto. Wannan ne ya sa duk lokacin da siyasa ta juya, ko masu bayar da agajin suka ja baya, asibitocin kan koma bakin durƙushewa cikin 'yan makonni.

Abin da yaƙi ya bari

Dakarun Tarayyar Sobiyet sun shiga Afghanistan a watan Disamba na shekarar 1979, suka fice a watan Fabrairu na 1989. A tsawon wannan lokaci miliyoyin jama'a sun yi gudun hijira zuwa Pakistan da Iran, kuma da yawa daga cikin likitoci da ma'aikatan jinya na cikin waɗanda suka tafi ba su sake dawowa ba.

Bayan faɗuwar gwamnatin Shugaba Najibullah a shekarar 1992, ƙungiyoyin mujahidai sun juya wa juna bakin bindiga. Luguden rokokin da suka riƙa yi ya rusa unguwanni da dama na Kabul, babban birnin ƙasar, inda galibin manyan asibitoci suke.

Ƙungiyar Taliban ta kama Kabul a watan Satumba na 1996. Gwamnatinta ta hana mata yawancin ayyuka da karatu, sannan a shekarar 1997 ta umarci asibitocin birnin da su daina karɓar mata, in ban da wuri guda da aka keɓe musu, wanda ba shi da isassun kayan aiki. An sassauta umarnin daga baya, sakamakon matsin lambar ƙungiyoyin agaji.

A lokacin da dakarun Amurka da ƙawayenta suka kawar da gwamnatin Taliban a ƙarshen shekarar 2001, cibiyoyin lafiya a matakin farko da ke aiki ba su kai 500 ba a duk faɗin ƙasar, a cewar alƙaluman Bankin Duniya na shekarar 2002. Galibinsu kuwa ƙungiyoyin agaji ne ke tafiyar da su, kowace da irin nata tsarin.

Wani bincike da aka gudanar a shekarar 2002, da haɗin gwiwar Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da kuma ma'aikatar lafiyar ƙasar, ya ƙiyasta cewa mata kimanin 1,600 ne ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. A gundumar Ragh da ke lardin Badakhshan mai tsaunuka, adadin ya kai kusan 6,500, wanda ke cikin mafi muni da aka taɓa ƙididdigewa a duniya.

Waɗanda suka riƙe asibitoci a lokacin yaƙi

Tun kafin a yi maganar sake gina ƙasa, wasu ƙungiyoyi ne suka hana aikin tiyata mutuwa gaba ɗaya. Kwamitin Red Cross na Ƙasa da Ƙasa ya buɗe asibitocin tiyata a biranen Peshawar da Quetta na Pakistan a farkon shekarun 1980, domin waɗanda aka jikkata aka tsallako da su kan iyaka. A shekarar 1988 ya buɗe wani asibitin a Kabul.

A wannan shekara ce kuma kwamitin ya fara shirin samar da ƙafafu da hannuwan roba ga waɗanda nakiyoyin da aka binne a ƙasa suka nakasa. Shirin ya bunƙasa har ya kai cibiyoyi bakwai, a Kabul, Mazar-i-Sharif, Herat, Jalalabad, Gulbahar, Faizabad da Lashkar Gah. Alberto Cairo, ɗan ƙasar Italiya masanin gashin ƙashi, wanda ya isa Kabul a shekarar 1990, ya shafe fiye da shekaru 30 a wannan aiki. Kusan dukkan ma'aikatan cibiyoyin masu nakasa ne, da yawansu tsofaffin majinyatan wurin da aka koya wa sana'ar.

A kudancin ƙasar, asibitin Mirwais da ke Kandahar, wanda ƙasar Sin ta gina a shekarun 1970, ya samu tallafin Red Cross tun daga tsakiyar shekarun 1990. Shi ne babban asibitin da ake kai majinyata daga lardunan kudu, inda faɗa ya fi tsanani.

Ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières, wadda aka fi sani da MSF, ta fara aiki a ƙasar a shekarar 1980. A waɗancan shekaru likitocinta kan shiga ne a ɓoye ta cikin tsaunuka daga Pakistan, ana ɗora magunguna a kan jakuna da dawaki.

Ita kuwa ƙungiyar Emergency ta Italiya, wadda likitan tiyata Gino Strada ya kafa, ta buɗe asibiti a Anabah cikin kwarin Panjshir a shekarar 1999, ta buɗe wani a Kabul a 2001, sannan na uku a Lashkar Gah a 2004.

Sabon tsari bayan 2001

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Hamid Karzai, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bonn ta watan Disamba na 2001, ta naɗa Dakta Suhaila Seddiqi, likitar tiyata mai muƙamin janar ɗin soja, a matsayin ministar lafiya. Ma'aikatar da ta tarar ba ta da kuɗi, ba ta da isassun ma'aikata, kuma ikonta bai wuce manyan birane ba.

Shawarar da ma'aikatar da masu bayar da agaji suka yanke ita ce, gwamnati ta tsara manufofi ta kuma sa ido, ita kuwa hidimar jinya a bayar da kwangilarta ga ƙungiyoyi masu zaman kansu, na cikin gida da na waje. A shekarar 2003 aka ƙaddamar da wani kundi, wanda aka fi sani da BPHS, da ya jera ayyukan da tilas kowace cibiyar lafiya ta riƙa yi: awon ciki da karɓar haihuwa, rigakafin yara, kula da masu tamowa, yaƙi da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, da kuma samar da muhimman magunguna.

Manyan masu ɗaukar nauyin shirin a wancan lokaci su uku ne: Bankin Duniya, Hukumar Raya Ƙasashe ta Amurka, USAID, da Tarayyar Turai, waɗanda suka raba lardunan a tsakaninsu. A ƙarshe larduna 31 daga cikin 34 ne suka kasance a hannun ƙungiyoyin da aka bai wa kwangila. A sauran ukun, Parwan, Panjshir da Kapisa, ma'aikatar lafiya ce ta riƙa tafiyar da cibiyoyin da kanta, amma su ma da kuɗin agaji.

An ƙiyasta cewa shirin na cin kimanin dala huɗu zuwa biyar a kan kowane mutum a shekara. Domin a tabbatar ana yin aikin da aka biya, an ɗauki Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka tare da wata cibiyar nazarin harkar lafiya ta Indiya, su riƙa zagaya cibiyoyin suna ba su maki tun daga shekarar 2004.

Tsarin mulkin da aka amince da shi a shekarar 2004 ya ɗora wa gwamnati alhakin samar da jinya kyauta ga 'yan ƙasa. A shekarar 2008 kuma aka haramta karɓar kuɗi daga majinyata a cibiyoyin da ke ƙarƙashin shirin.

Matakan asibitoci

Tsarin ya fara ne daga ƙauye, inda ake zaɓen mutum biyu, namiji da mace, a ba su horo na ɗan lokaci, su riƙa duba jama'a 1,000 zuwa 1,500 daga gidajensu. Gaba da su akwai ƙaramar cibiyar lafiya mai hidima ga mutum 15,000 zuwa 30,000, sai babbar cibiya mai ɗakin gwaje-gwaje da 'yan gadaje, sannan asibitin gunduma, wanda ake sa ran zai iya yi wa mace tiyatar ciro jariri da ƙarin jini.

Da yake kundin farko bai taɓo manyan asibitoci sosai ba, a shekarar 2005 aka fito da na biyu, EPHS, wanda ya raba asibitoci gida uku. Na gunduma ya kasance da gadaje 30 zuwa 75, na lardi 100 zuwa 200, na yanki kuma 200 zuwa 400. Kundin ya fayyace yawan ma'aikata, kayan aiki da magungunan da ake buƙata a kowane mataki.

Duk da haka, asibitoci ba su samu kulawar da ƙananan cibiyoyi suka samu ba. Masu bayar da agaji sun fi karkata ga rigakafi da awon ciki, domin da kuɗi kaɗan ake ceton rayuka masu yawa. Asibiti kuwa yana buƙatar wutar lantarki dare da rana, da ruwa mai tsabta, iskar oksijin, ma'ajiyar jini, likitocin tiyata da masu bayar da allurar barci, kuma kowanne daga cikin waɗannan kuɗi ne da ba a daina kashewa. Manyan asibitocin ƙwararru na Kabul sun ci gaba da zama a hannun ma'aikatar lafiya da ɗan kasafin da bai taka kara ya karya ba.

Wasu asibitocin sun samu masu tallafi na musamman. Indiya ta taimaka wajen gyara asibitin yara na Indira Gandhi da ke Kabul. An ƙaddamar da Cibiyar Lafiyar Yara ta Faransa a birnin a shekarar 2006, da haɗin gwiwar gwamnatocin Faransa da Afghanistan, da cibiyar raya ƙasashe ta Aga Khan da wata ƙungiyar agaji ta Faransa, kuma a nan aka riƙa yi wa yara tiyatar zuciya. A shekarar 2017 aka buɗe sabon asibitin lardin Bamiyan, wanda ke samun kaso mai yawa na wutarsa daga hasken rana.

Ungozomomi da ma'aikata mata

A yawancin yankunan karkara na Afghanistan, iyali ba sa yarda likita namiji ya duba mace. Cibiyar lafiyar da ba ta da ma'aikaciya mace, tamkar a rufe take ga rabin jama'ar yankin. A shekarar 2002 kuwa, ƙwararrun ungozomomin da aka ƙidaya a duk ƙasar 467 ne kacal.

Domin cike wannan giɓi aka ɓullo da shirin horar da ungozomomin karkara. Dattawan gari da iyaye ne suka riƙa amincewa da yarinyar da za a ɗauka, a ba ta horo na watanni 18, wanda daga baya aka mayar shekara biyu, bisa sharaɗin za ta koma yankinsu ta yi aiki. Makarantun sun kasance da wuraren kwana na mata zalla, wasu ma da wurin renon yara domin ɗalibai masu goyo.

Shirin ya yaye dubban ungozomomi. A shekarar 2003 kashi 14 cikin 100 na masu haihuwa ne kawai ke samun kulawar ƙwararriyar ma'aikaciya. Ya zuwa shekarar 2015 adadin ya kai kusan rabi.

Abin da aka cimma

Bankin Duniya ya ce cibiyoyin lafiya masu aiki sun haura 2,000 a shekarar 2012. Dukkan binciken da aka gudanar sun nuna cewa yaran da ke mutuwa kafin su cika shekara biyar sun ragu matuƙa idan aka kwatanta da farkon shekarun 2000, lokacin da ake ƙiyasin cewa yaro ɗaya cikin huɗu ba ya kai wannan shekaru.

Sai dai masana sun yi ta muhawara a kan girman nasarar, musamman game da mutuwar mata wajen haihuwa. Wani binciken ƙasa na shekarar 2010 ya ce adadin ya sauko zuwa 327 a cikin haihuwa 100,000, yayin da wani na shekarar 2015 ya ba da 1,291. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya tsaya ne a 620. Ɗaya daga cikin dalilan wannan saɓani shi ne, masu tattara bayanai ba sa iya shiga yankuna da dama saboda faɗa.

Wani abin lura kuma shi ne, duk da alƙawarin jinya kyauta, ƙididdigar ma'aikatar lafiya ta nuna cewa kusan kashi 75 cikin 100 na duk abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun jama'a yake fitowa. Sau da yawa majinyaci kan sayi magani a kanti saboda babu shi a asibiti. Masu hali kan tafi Pakistan ko Indiya neman magani, marasa hali kuma su ci bashi ko su sayar da dabbobi.

Gine-ginen da suka fi ƙarfin kasafi

Ofishin babban sufeton da majalisar dokokin Amurka ta kafa domin bin diddigin kuɗin sake gina Afghanistan, SIGAR, ya bankaɗo ayyuka da dama da aka yi ba tare da tunanin yadda za a gudanar da su ba.

A shekarar 2013 ofishin ya yi gargaɗin cewa sabbin asibitoci biyu da USAID ke ginawa a Gardez da Khair Khot za su ci kuɗin gudanarwa da ka iya ninka na tsofaffin asibitocin da za su maye gurbinsu sau da yawa, alhali babu tabbacin inda kuɗin zai fito.

A shekarar 2014 kuma ya ba da rahoto a kan asibitin Salang da ke lardin Parwan, wanda aka gina da kuɗin sojin Amurka. Masu binciken sun tarar babu isasshiyar wuta, babu ruwa mai tsabta, har ma'aikata na yi wa jarirai sabbin haihuwa wanka da ruwan kogi.

Shigar sojoji cikin aikin agaji ta janyo wata matsalar. Rundunonin ƙasashen waje sun kafa tawagogin sake gina larduna, waɗanda suka riƙa gina cibiyoyin lafiya da raba magunguna domin samun goyon bayan jama'a. Ƙungiyoyin agaji sun koka cewa hakan ya sa masu tayar da ƙayar baya sun daina bambanta likita da soja.

Hare-hare kan asibitoci

Yarjejeniyoyin Geneva na shekarar 1949 sun haramta kai hari kan asibitoci, majinyata da ma'aikatan lafiya. A Afghanistan kusan dukkan ɓangarorin da ke faɗa an zarge su da keta wannan doka.

A watan Yuni na shekarar 2004 aka kashe ma'aikatan MSF biyar a lardin Badghis. Ƙungiyar ta fice daga ƙasar a wata na gaba, bayan shekaru 24 tana aiki, kuma ba ta dawo ba sai a shekarar 2009, inda ta fara tallafa wa asibitin Boost da ke Lashkar Gah da wani asibiti a gabashin Kabul.

A ranar 3 ga watan Oktoba na shekarar 2015, wani jirgin yaƙin Amurka ya yi luguden wuta a kan asibitin MSF da ke Kunduz, a daidai lokacin da ake gwabza faɗa da Taliban a birnin. Mutum 42 ne suka mutu, ciki har da ma'aikata 14 da majinyata 24. Shugaba Barack Obama ya nemi afuwa, kuma ma'aikatar tsaron Amurka ta ladabtar da jami'ai 16, amma ta ce kuskure ne, ba laifin yaƙi ba. MSF ta nemi a gudanar da bincike mai zaman kansa na ƙasa da ƙasa, abin da bai samu ba. Sai a shekarar 2021 ta buɗe sabon asibiti a birnin.

Wannan hari, tare da wasu makamantansa a Siriya da Yaman, na cikin abubuwan da suka sa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2286 a watan Mayu na 2016, wanda ya yi Allah wadai da kai hari kan wuraren jinya.

A watan Maris na 2017 wasu 'yan bindiga sanye da fararen rigunan likitoci sun kutsa asibitin soja na Sardar Daud Khan da ke Kabul, suka kashe gomman mutane. Ƙungiyar IS ta ce ita ta kai harin. A wannan shekara ce kuma aka kashe ma'aikatan Red Cross bakwai a arewacin ƙasar, lamarin da ya sa kwamitin ya rage ayyukansa a yankin.

A ranar 12 ga watan Mayu na shekarar 2020, 'yan bindiga sun shiga sashen haihuwa na asibitin Dasht-e-Barchi da ke yammacin Kabul, unguwar da galibin mazaunanta 'yan ƙabilar Hazara ne mabiya Shi'a. Aƙalla mutum 24 aka kashe, 16 daga cikinsu mata masu naƙuda ko masu jego. MSF, wadda ke gudanar da sashen, ta janye daga asibitin wata guda bayan haka.

Agustan 2021

Taliban ta sake kama Kabul a ranar 15 ga watan Agusta na shekarar 2021. A lokacin, tallafin ƙasashen waje ne ke biyan kusan kashi 75 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa. Nan take Amurka ta riƙe kimanin dala biliyan bakwai na ajiyar babban bankin ƙasar, Bankin Duniya kuma ya dakatar da biyan kuɗi.

Shirin da ke ɗauke da harkar lafiya a lokacin shi ne Sehatmandi, na dala miliyan 600, wanda aka fara a shekarar 2018, kuma cibiyoyi fiye da 2,300 ne ke ƙarƙashinsa. Tunda ta hannun ma'aikatar lafiya kuɗin ke bi kafin ya isa ga masu kwangila, da ma'aikatar ta koma hannun Taliban sai hanyar ta toshe.

Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya ziyarci Kabul a watan Satumba, ya kuma yi gargaɗin cewa harkar lafiyar ƙasar na dab da rugujewa. Hukumar ta ce kashi 17 cikin 100 na cibiyoyin Sehatmandi ne kawai ke cikakken aiki, kuma an rufe tara daga cikin asibitoci 37 na masu cutar korona. Ma'aikata sun shafe watanni ba albashi, wasu ƙwararru kuma sun bar ƙasar.

Wani abin da ya ƙara nauyin shi ne, tsayawar faɗa ta buɗe hanyoyi. Jama'ar ƙauyukan da a da ba sa iya fitowa sun riƙa tururuwa zuwa asibitocin larduna, a daidai lokacin da fari da tsadar abinci suka ƙara yawan yara masu tamowa, cutar ƙyanda kuma ta ɓarke.

Matakan gaggawa

Mafitar da aka samu ita ce a riƙa kewaye gwamnati. Majalisar Ɗinkin Duniya ta saki dala miliyan 45 daga asusunta na gaggawa ga Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, domin su biya masu kwangila kai tsaye. A watan Disamba na 2021 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2615, wanda ya fitar da ayyukan jin ƙai daga cikin takunkumin da aka ƙaƙaba wa shugabannin Taliban. A shekarar 2022 kuma aka amince da wani sabon shiri na dala miliyan 333 daga asusun da Bankin Duniya ke kula da shi, aka damƙa gudanar da shi ga UNICEF.

Manyan asibitocin da ba sa cikin wannan tsari, Red Cross ce ta ɗauke su. Daga watan Nuwamba na 2021 ta ɗauki nauyin asibitoci 33, tana biyan albashin ma'aikata kimanin 10,500, tana sayen magunguna, man janareto da na motocin ɗaukar marasa lafiya, har da abincin majinyata.

Tun da farko kwamitin ya bayyana cewa shirin na wucin gadi ne, domin ƙungiyar agaji ba za ta iya maye gurbin gwamnati ba. A shekarar 2023, lokacin da shi kansa ya shiga matsalar ƙarancin kuɗi a duk duniya, ya miƙa asibitoci takwas ga hukumomin Taliban a watan Afrilu, sauran 25 kuma a ƙarshen watan Agusta.

Dokoki kan mata da yanke tallafi

Tun watan Satumba na 2021 Taliban ta hana 'yan mata komawa makarantun sakandare. A watan Disamba na 2022 ta hana mata shiga jami'a, da kuma aiki da ƙungiyoyin agaji, ko da yake an bar ma'aikatan lafiya mata su ci gaba da aikinsu. A wurare da dama an shardanta wa mace ta zo asibiti da muharraminta.

A watan Disamba na 2024 aka rufe wa mata ƙofa ta ƙarshe, wato makarantun koyon aikin jinya da ungozoma. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi gargaɗin cewa a ƙasar da mace ce kaɗai ke iya duba mace a wurare da yawa, wannan mataki na nufin babu waɗanda za su gaji ma'aikatan da suka tsufa ko suka bar ƙasar.

A watan Janairu na 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, kuma a watan Afrilu aka soke kusan duk abin da ya rage na Afghanistan. Amurka ce ta bayar da fiye da kashi 40 cikin 100 na kuɗin jin ƙai da ƙasar ta samu a shekarar 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya zuwa 4 ga watan Maris na 2025 an rufe cibiyoyin lafiya 167 a larduna 25, abin da ya shafi mutum miliyan 1.6. Kafin ƙarshen shekarar adadin cibiyoyin da aka rufe ko aka dakatar ya haura 400.

A cikin wannan hali ne girgizar ƙasa ta afka wa lardin Kunar da maƙwabtansa a ranar 31 ga watan Agusta na 2025, ta kashe fiye da mutum 2,000, yayin da ɗimbin 'yan Afghanistan da aka koro daga Iran da Pakistan ke komowa gida.

Muhawarar da ta rage

Masu goyon bayan tsarin kwangila na cewa babu wata hanyar da za ta kai jinya ga ƙauyuka cikin sauri haka a ƙasar da ba ta da gwamnati mai ƙarfi, kuma rayukan da aka ceto cikin shekaru 20 hujja ce da ba ta buƙatar ƙarin bayani.

Masu suka kuwa na ganin an yi sakaci wajen gina ma'aikatar lafiya da kuma samar mata kuɗin shiga na cikin gida, ta yadda har shekarar 2021 gwamnati ba ta iya biyan albashin ungozomar ƙauye daga baitulmalinta ba. A ganinsu, wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Ƙungiyoyin agaji su ma sun rabu a kan yadda ya kamata a yi hulɗa da Taliban. Wasu na ganin ci gaba da biyan kuɗin asibitoci na sauke wa hukumomin nauyin da ya rataya a wuyansu, ya kuma ba su damar karkatar da kuɗin harajin da suke tarawa zuwa harkar tsaro. Wasu kuma na cewa janye tallafi ba ya taɓa shugabanni, majinyata ne ke ɗanɗana kuɗarsa, musamman mata masu ciki da ƙananan yara a yankunan da cibiyar lafiya mafi kusa ke da nisan tafiyar sa'o'i.